Rijiya Ce Ta Ƙafe Ko Guga Ne Ya Hana? Sharhi Kan Auna Matakin Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Duk shekara idan bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, ƙorafin da ake ji a unguwanni da ƙauyuka kusan iri ɗaya ne. Rijiyar gida ta janye, sai an ƙara wa guga igiya. Tuƙa-tuƙar bakin masallaci tana feso iska. 'Yan garuwa sun ƙara kuɗin jarka. Daga nan sai a shiga neman mai laifi: wani ya ce sauyin yanayi ne, wani ya nuna burtsatsen maƙwabci da aka haƙa bara, wani ya ɗora wa kamfanin ruwan leda, wani kuma ya ce manoman rani ne da suka koma famfon sola. Idan hukuma ta tayar da maganar yi wa burtsatse rajista ko neman izini kafin haƙa, sai ruɗanin ya ƙaru, domin jama'a da dama suna jin ta a matsayin sabon haraji.

Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana iya zama gaskiya a wani wuri, ta zama kuskure a wani. Abin da ke raba gardamar shi ne awo: sanin zurfin da ruwa yake tsaye a cikin rijiya, a rubuta shi, a maimaita a wuri ɗaya da lokaci ɗaya shekara da shekaru. Aikin ba ya cin kuɗi sosai, amma yana da ƙa'idojin da idan aka saɓa su, lambobin da aka tara ba za su yi amfani ba.

Ma'anar kalmomin

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba kogi ba ne da ke gudu a rami. Ruwa ne da ya cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko tsagogin da ke jikin dutse. Shimfiɗar ƙasar da ke riƙe ruwa kuma take sakinsa idan an haƙa, ita ce makwancin ruwa. Yashi da tsakuwa suna saki da sauƙi. Yumɓu yana riƙe ruwa amma ba ya bayarwa, shi ya sa yake zama shinge tsakanin makwanci na sama da na ƙasa.

Matakin ruwa a huce shi ne zurfin da ruwa ya tsaya bayan rijiya ta huta, ba a ɗiba ba na sa'o'i masu yawa. Matakin ja shi ne inda yake sauka a lokacin da inji ke aiki ko ake ta zura guga. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce faɗuwa, komawarsa sama bayan an daina ɗiba kuma farfaɗowa. Idan ana jan ruwa daga burtsatse, matakin ruwan da ke kewaye da shi yana lotsawa kamar mazurari, ya fi zurfi a jikin rijiyar, yana raguwa yayin da ake nisa. Duk rijiyar da ta faɗa cikin wannan lotsawa za ta ji a jikinta. Sai kuma ciko, wato ruwan damina ko na ambaliya da ke nutsewa ya isa makwancin.

Mafi yawan rikicin da ake yi a kan rijiyoyi ya samo asali ne daga haɗa matakin huce da matakin ja. Wanda ya leƙa rijiya da hantsi, bayan mata sun gama ɗiba, matakin ja ya gani. Wannan ba ya nuna halin da makwancin yake ciki.

Ƙasar ba ɗaya ba ce

Saukar matakin huce da mita ɗaya a Kano da saukarsa da mita ɗaya a Maiduguri ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

Yawancin jihohin Kano, Kaduna, Katsina da Zamfara, da wani sashe na Bauchi, da kewayen birnin Damagaram a Nijar, suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwa a nan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda kaurinsa sau da yawa bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, da kuma tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Ma'ajiyar ƙarama ce. Tana cika da wuri idan damina ta yi kyau, tana kuma raguwa da wuri. Shi ya sa za a haƙa burtsatse biyu a layi ɗaya, ɗaya ya dace da tsaga ya ba da ruwa, ɗaya ya fito a bushe. A irin wannan ƙasa ƙara zurfi ba lallai ya ƙara ruwa ba, domin idan aka wuce tsagogin babu komai sai dutse.

A yankin Tafkin Chadi, wato Borno da Yobe da gabashin Jigawa har zuwa Diffa, shimfiɗun yashi ne da yumɓu a jere, kuma masana sun raba makwantan gida uku: na sama, na tsakiya da na ƙasa. Na tsakiya da na ƙasa suna ɗaruruwan mita a ƙarƙashin yumɓu mai kauri, ruwansu a matse yake. Burtsatsen da aka fara haƙawa a Borno daga ƙarshen shekarun 1950 sun riƙa feso ruwa da kansu ba tare da inji ba. Da yawa an bar su suna kwarara dare da rana babu makulli, ƙarfin ya yi ta raguwa har wasu suka daina fesowa. Wannan ruwa ya shekara dubbai a wurin, damunar bana ba ta mayar da shi. Saukar ruwa a irin wannan makwanci tana nufin ana cin jari ne, ba riba ba.

Yankin Sakkwato da Kebbi, haɗe da Dosso da Tawa da sashen Maraɗi, shi ma shimfiɗu ne masu faɗi da suka ratsa iyakar ƙasashen biyu. Sannan akwai fadamu, inda yashin da kogi ya zubar yake riƙe ruwa a zurfin 'yan mitoci, kuma ambaliyar kowace shekara ce ke cika shi.

Yadda ake awon

Farko a zaɓi rijiyoyi. Ƙauye ko unguwa ba ta buƙatar auna kowace rijiya, uku zuwa biyar sun isa idan an zaɓe su da lura: ɗaya a fadama ko kusa da ƙorama, ɗaya a kan tudu, ɗaya kusa da burtsatsen da aka fi ja, ɗaya kuma nesa da duk wani inji. Wadda aka daina amfani da ita ta fi dacewa, muddin ba ta rufta ba. Sai dai a gwada ta tukuna: a ɗebe guga ashirin ko talatin, a ga ko ruwan zai dawo inda yake cikin kwana ɗaya. Idan bai dawo ba, laka ta toshe idonta, awonta zai yi ƙarya.

Na biyu, a kafa alama a bakin rijiyar. A sassaƙa tsaga a jikin siminti, a shafa mata fenti, a ba rijiyar lamba. Daga wannan tsaga za a riƙa auna komai har abada. A rubuta tsayin alamar daga doron ƙasa, a kuma auna zurfin rijiyar gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, domin a san ko yashi yana cike ta.

Na uku kayan aiki. Hanya mafi sauƙi ita ce tef ɗin awo na mita 30 ko 50, irin wanda ba ya miƙewa, a ɗaura masa a ƙarshe guntun bututun ƙarfe mai rufaffen kai da buɗaɗɗen gindi, tsawonsa kamar santimita 10. Idan aka zura shi a hankali ya taɓa ruwa, yana yin ƙara "ɓul" da ake ji daga sama. A ɗaga a sauke sau biyu ko uku har a tabbatar da daidai inda ƙarar ke fara fita, sannan a karanta tef a kan tsagar. Kada a manta da ƙara tsawon bututun a lissafi idan sifirin tef ɗin yana samansa. Wata hanyar ita ce a shafa alli a mita ɗaya ta ƙarshen tef na ƙarfe, a zura har ya ɗan nutse, a riƙe lamba cikakkiya a kan alama, a fito da shi a cire tsawon da ya jiƙe. Akwai kuma na'urar da ke da waya biyu a cikin tef, tana yin ƙara ko kunna fitila da zarar kanta ya taɓa ruwa. Ita ce ma'aikatan ruwa suka fi amfani da ita, kuma guda ɗaya tana iya yi wa ƙauyuka da dama aiki idan ana karɓa-karɓa.

Mahaƙanmu sun saba auna rijiya da gaba, kuma wannan ilimi yana da daraja: dattijon da ya ce a zamaninsa ana samun ruwa a gaba shida, yanzu sai tara, ya ba da tarihin da babu shi a kowane ofis, kuma ya kamata a rubuta shi a shafin farko na littafin. Amma gaba ba ta isa ma'aunin bibiya ba. Gabar dogo da ta gajere sun bambanta, a igiya mai gaba goma bambancin yana iya haura mita guda, alhali canjin da ake nema a wata ɗaya wani lokaci bai wuce santimita 20 ba. Igiyar roba kuma tana miƙewa idan ta jiƙe ko ta sha rana.

Na huɗu lokaci. A auna da asuba, kafin a jefa gugan farko. Burtsatsen da ke aiki da sola ya kwana a kashe, don haka asuba ta dace da shi. Mai aiki da janareta ko wutar gari a kashe shi tun dare. A auna sau biyu a jere, idan bambancin ya wuce santimita 2 a sake. A damina sau ɗaya a mako, domin ruwa yana tashi da sauri. A rani sau biyu a wata ya wadatar. A tsayar da rana ɗaya da ba za a manta ba, kamar safiyar Juma'a ko ranar kasuwa.

Littafin ya ƙunshi kwanan wata, sa'a, lambar rijiya, zurfin ruwa a mita da santimita, sunan wanda ya auna, da gurbin bayani: an yi ruwa jiya, an yashe rijiyar, maƙwabci ya kwana yana ban ruwa. Wannan gurbi na ƙarshe shi ke warware yawancin lambobin da suka fita daban. A ajiye ma'aunin ruwan sama a fili, nesa da bishiya da indararo, a makarantar gari ko ƙofar gidan mai unguwa, a riƙa rubuta shi a littafi ɗaya. A ɗauki hoton kowane shafi da waya idan ya cika, saboda gara da ɗigar ɗaki.

Burtsatse yana da nasa sharaɗi. Zura tef kai tsaye a ramin da ke da famfon sumo, wato wanda ake nutsawa cikin ruwa, yana ƙarewa da sarƙewa a jikin waya ko igiyar famfon, wani lokaci sai an ciro komai. Maganinsa shi ne tun lokacin saka famfo a ɗaura siririn bututun roba mai faɗin inci ɗaya a jikin bututun ruwa, a huda ƙasansa, ya tsaya kaɗan a saman famfon. Ta cikinsa ake zura na'ura. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin haƙa, amma ba kasafai ake saka shi ba sai mai rijiya ya nema. Haka ma takardar haƙa: zurfin rami, inda aka sa bututu mai raga, matakin ruwa a ranar da aka gama, da yawan litar da ya bayar a gwaji. Wannan takarda ita ce awo na farko, duk na baya da ita za a gwada su.

A wanke tef da ruwan kulorin kafin a kai shi wata rijiyar, don kada a kwashi cuta daga wannan zuwa waccan. Kuma awo ba ya buƙatar kowa ya shiga rijiya. Iskar da ke ƙasan tsohuwar rijiya tana kashe mutum cikin mintuna, haka ma hayaƙin injin fetur da aka sauke ciki ko aka ajiye a bakinta.

Inda akwai hali, ana rataya ƙaramar na'ura a cikin ruwa da ke auna nauyin ruwan da ke samanta, tana adana lamba kowace sa'a har tsawon watanni. Tana nuna abin da awon mako-mako ba zai nuna ba, kamar sa'ar da injin maƙwabci ya tashi. Sai dai yawancinsu suna haɗa nauyin ruwa da na iska, don haka ana buƙatar ta biyu a waje don a cire na iskar, kuma dole a riƙa gwada ta da awon hannu lokaci-lokaci. Ana kuma sace ta idan murfin ba shi da kwaɗo.

Karanta abin da aka tara

Idan aka zana lambobin shekara guda a takarda, siffar da ake sa rai ita ce: ruwa yana ƙasa ƙwarai a ƙarshen bazara, wajen Mayu ko Yuni, ya fara tashi makonni bayan damina ta kankama, ya kai ƙololuwa wajen Satumba ko Oktoba, sannan ya yi ta sauka a hankali. Wannan hawa da sauka lafiya ce, ba alamar matsala ba. Abin dubawa shi ne a gwada Mayun bana da Mayun bara, Oktoban bana da Oktoban bara. Shekara ɗaya tana nuna zagayen, uku suna fara nuna alkibla, amma kafin a ce ruwan gari yana ƙarewa ana son biyar zuwa goma, domin damina biyu marasa kyau a jere suna iya kama da ƙarewa alhali ta uku za ta mayar.

Awo yana kuma bambance cututtukan da alamarsu ɗaya ce, wato ƙarancin ruwa a bakin famfo. Idan matakin huce yana nan yadda yake, na ja bai ma kai zurfin da ya saba kaiwa ba, amma ruwa ya ragu, rijiya ta bayar guga ya hana: robar tuƙa-tuƙa ta cinye, bututu ya huje, ko ƙurar hunturu ta rufe faifan sola. Idan matakin huce bai canza ba amma na ja yana ƙara zurfi fiye da da, ragar burtsatsen ce ta toshe da tsatsa ko laka, wankewa take so, ba sabon rami ba. Idan ruwan rijiyar da ba a ɗiba yana sauka da rana yana dawowa da dare, wani inji ne a kusa yake jan sa. Idan kuwa matakin huce yana sauka shekara bayan shekara a duk rijiyoyin, har da wadda ke nesa da kowa, to makwancin ne kansa yake raguwa. Garuruwa da yawa sun kashe kuɗin sabon burtsatse a kan matsalar da gyaran famfo zai magance.

Ana iya juya mita zuwa jarka. Rijiya mai faɗin mita 1.2 tana ɗauke da kimanin lita 1,130 a kowace mita ta ruwa, wato jarka 45 masu lita 25. A cikin ƙasa kuwa lissafin ya dogara da kason ruwan da ƙasar ke saki. A ɗauki misali: ruɓaɓɓen dutse mai sakin kashi 3 cikin 100, ruwa ya tashi mita 2 a damina. Cikon ya zama milimita 60, wato lita 600,000 a kowace hekta. Hekta ɗaya ta kayan lambu a tsakiyar rani tana shan wajen milimita 6 a rana, lita 60,000 ke nan, daidai da ruwan mutum 3,000 idan kowa ya samu lita 20. A kwana 100 ta sha lita miliyan 6, cikon hekta goma. A yashin fadama mai sakin kashi 15, tashin mita 2 ɗin yana ba da ninki biyar na wancan. Wannan lissafi ne ke nuna dalilin da noman rani yake zaune lafiya a wani wuri, a wani wurin kuma ya busar da rijiyoyin sha cikin shekaru kaɗan.

Me ke sa ruwa sauka, me ke sa shi tashi

Fari yana cikin dalilai, kuma na shekarun 1970 da 1980 ya bar tabo a rijiyoyin Sahel. Amma ba shi kaɗai ba ne. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke malala a dausayin Haɗeja zuwa Nguru, kuma wannan ambaliya ce ke ciyar da makwancin sama na yankin. A birane, siminti da kwalta da cike kududdufai don gini sun rage wuraren da ruwa ke nutsewa, a daidai lokacin da kowane sabon gida yake haƙa nasa saboda famfon gwamnati ba ya zuwa. A karkara, shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa daga 1993 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur. Bayan cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, manoma da dama sun koma sola. Injin fetur yana da birki, wato kuɗin mai. Sola ba ta da shi, matuƙar akwai rana tana iya yin aiki.

Akwai kuma misalin da ya saɓa wa zato. A kudu maso yammacin Nijar, kewayen Yamai, awon rijiyoyi na shekaru da yawa ya nuna matakin ruwa ya tashi da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a tsakani. Dalilin da masu bincike suka gano shi ne sare daji don gonakin gero: ƙasa ta yi ɓawo, ruwan sama ya ƙara gudu zuwa tafkuna, daga gindin tafkunan kuma yake nutsewa. Ba domin rijiyoyin da aka daɗe ana aunawa ba, da kowa zai rantse ruwan raguwa yake. Tashin ruwa ma yana da nasa haɗari. Idan ya matso kusa da gindin masai, ƙazanta tana shiga rijiya, shi ya sa ake son aƙalla mita 1.5 zuwa 2 tsakanin ƙasan ramin masai da matakin ruwa mafi tsayi na damina, da tazarar kusan mita 30 tsakaninsa da rijiyar sha. Ba a sanin wannan mataki mafi tsayi sai da awon Satumba.

Wa ke da iko, wa zai auna

A Najeriya dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya iko a kan ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙasa, tare da barin mutum ya ɗebi na amfanin gida ba tare da biya ba. Hukumar NIHSA ce ke da alhakin tattara bayanan ruwa na ƙasa, akwai kuma hukumomin raya kogunan da aka kafa a shekarun 1970, irin su Haɗeja-Jama'are, Sakkwato-Rima da na Tafkin Chadi. Ƙudurin sabuwar dokar ruwa ya tayar da ƙura a majalisa a 2018, ya dawo a 2020 da 2022, bai samu wucewa ba. A Nijar akwai dokar ruwa ta 2010 da tsarin ƙasa na kula da albarkatun ruwa na 2017.

Masu goyon bayan rajista da izini suna cewa makwancin ruwa bai san katangar gida ko iyakar jiha ba, kuma idan ba a san yawan burtsatse da abin da suke ja ba, mai babban inji zai cinye rabon mai guga ba tare da kowa ya iya tsawata masa ba. Masu adawa suna cewa dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnoni, suna tsoron tarayya ta karɓe gaɓar koguna, kuma bai dace a caji wanda ya haƙa rijiya saboda hukuma ta gaza kawo masa ruwa ba. Hujjar ɓangaren farko a kan yanayin ruwa tana da ƙarfi, haka ma hujjar ɓangare na biyu a kan gazawar famfon gwamnati. Abin da ɓangarorin biyu suka rasa shi ne lambobi na dogon lokaci daga wurare masu yawa, waɗanda za su nuna inda ake buƙatar taƙaitawa da inda babu dalilinta. Tauraron ɗan'adam na GRACE, da ya yi aiki daga 2002 zuwa 2017, ya riƙa ganin canjin ruwa a faɗin ɗaruruwan kilomita, amma bai iya ganin rijiyar ƙauye ba.

A kan bai wa al'umma aikin awo ma ra'ayi ya rabu. Wasu ƙwararru suna shakkar ingancin lambobin da 'yan sa-kai suka tara, suna kuma cewa himma tana mutuwa idan kuɗin shiri ya ƙare. Wasu suna cewa ma'aikatan hukuma ba za su taɓa isa kowane gari kowane mako ba. Abin da ya faru a jihar Andhra Pradesh ta Indiya yana goyon bayan duka biyun: a shekarun 2000 an koya wa manoma a ɗaruruwan ƙauyuka auna rijiyoyinsu da ruwan sama, suna zama kafin noman rani su yi kasafin ruwa su zaɓi abin shukawa, amma bayan tallafi ya tsaya aikin ya yi rauni a ƙauyuka da yawa. Inda irin wannan aiki ke ɗorewa, galibi an jingina shi ga wani abu da yake tsaye tun da: kwamitin kula da ruwa na gari, malamin makaranta da ɗalibansa, ko ƙungiyar manoman fadama, sannan jami'in hukumar ruwan karkara yana zuwa sau biyu a shekara ya gwada awonsu da na'urarsa, ya karɓi kwafi, ya dawo musu da bayani.

Abin da zai shafi mai gida da manomi

Amfanin littafin yana fitowa ne idan an ɗaura shi da matakan da aka amince da su tun kafin rikici. Manomin fadama yana da iyaka bayyananniya: injin da ke zaune a doron ƙasa ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Idan awon Oktoba ya nuna ruwa a mita 4, kuma littafin bara ya nuna yana sauka rabin mita a wata, to wajen Afrilu zai kai mita 7. Manomi ya san tun kafin ya zuba iri ko zai rage fili, ko ya shuka abin da zai nuna kafin lokacin, maimakon ya tsinci kansa yana haƙa rami don sauke inji a tsakiyar Maris. Tuƙa-tuƙa irin India Mark II da Afridev an ƙera su ne don zurfin da bai wuce kimanin mita 45 zuwa 50 ba, kuma idan ruwa ya kusa sauka ƙasa da silinda, wato sashen famfon da ke cikin ruwa, sai a ƙara bututu tun kafin ta fara jan iska. Famfon sumo kuwa yana ƙonewa idan ya yi aiki a bushe, don haka sanin matakin ja na watan Mayu shi ke nuna zurfin da ya kamata a rataye shi.

Gari yana iya tsayar da layi biyu a kan rijiyar da aka zaɓa. Idan ruwa ya kai na farko, a taƙaita sa'o'in ban ruwa da na masu sayarwa a tanka, a raba lokaci tsakanin injinan da ke kusa da juna don kada su tashi tare. Idan ya kai na biyu, ruwan sha da na dabbobi ne kawai har damina ta sauka. Irin wannan yarjejeniya tana da nauyi a kan mai babban inji da manomin rani, tana kuma kare mai rijiyar guga, wanda shi ne ruwa ke fara guje wa domin tasa ce mafi gajarta. Makiyayan da ke shayarwa a rijiyoyin garin lokacin rani su ma suna da ruwa da tsaki, ya kamata a zauna da su tun ranar tsayar da layin. A rubuta lambar kowane mako da alli a allon da ke bakin rijiyar ko ƙofar gidan dagaci, tare da lambar makon da ya yi daidai da shi a bara, yadda mai zuwa ɗibar ruwa zai gani da idonsa.